Hadiza ta ƙi kamfanin Turai

"Kin ƙi aikin Turai?" Baba ya aje cokali yana kallon ƙanwata Hadiza.

Ita mai haɗa wasannin bidiyo ce. Babban kamfanin da duk abokan karatunta ke mafarkin shiga ya kira ta, amma ta zaɓi wani ƙarami a Yamai.

Ta ce, "Baba, manyan ba su barin mutum ya huta, kuma da an gama wasa sai kora. Da waɗanga, wasan bidiyo na kokowa za mu yi, da sunana a jiki."

Baba ya ɗaure fuska, duk muka tsorata.

Can ya ce, "To, a cikin wasanga, ɗan kokowar garinmu Filinge za ya kada kowa. In ba haka ba, kada ki dawo gidanga."

Ku fa, wane kamfani za ku zaɓa?