Anti Lim Tana Ƙirga, Ni Ina Zikiri

Ina zaune a ƙasa, na jingina da ƙofar ɗakina a unguwar Sri Petaling, numfashina yana sarƙewa. Korona ce ta kama ni, motar asibiti kuma shiru.

Sai na ji muryar maƙwabciyata ta bayan ƙofa. Anti Lim ce, tsohuwa mai bin addinin Buddha, wadda kullum da safe take zama ta rufe ido ba motsi.

"Ɗana, tsoro ne ke ƙara shaƙe ka. Ja iska sannu a hankali, ka bi ta da zuciyarka, yadda muke yi."

Na tambayi kaina: In ajali ne ya zo, a kan ibadar wasu zai same ni?

Da ƙyar na ce, "Anti, ni Musulmi ne."

"Na sani mana. Ni ƙirga kawai zan yi maka. Kai kira Ubangijinka."

Tana ƙirgawa ina jan iska, ina saukewa da La'ilaha illallahu. Ba ta tashi ba sai da ma'aikatan asibiti suka ɗauke ni.

Na warke, alhamdulillahi, amma har yau ina juya maganar a raina. Da ku ne, za ku bi ƙirgarta?