Gyaɗar da ke aljihuna

Shekara goma ina malamin dabbobi a Rogo, kuma ni kaɗai Fulanin Gwangwan ke tsayar wa shanu a yi musu allura. A ofis har cewa ake asiri gare ni. Ban taɓa musawa ba, don maganar tana yi mini daɗi.

Sai aka turo mana wani sabon ma'aikaci daga Kano, da takardar difloma da biro uku a aljihu. Ranar farko ya gyara mini yadda nake riƙe sirinji. Na ce a raina, za ka sani.

Na bar shi ya tafi ruga shi kaɗai. Ko gaisuwa bai gama ba ya zaro littafi ya tambayi Arɗo, "Shanunka nawa?" An daɗe da soke jangali, amma Bafulatani bai manta ba. Washegari ko ɗan maraƙi bai tarar ba. Na tambaye shi, "Yaya aiki?" Ya ce wai sun tafi kiwo. Sai da na zaga bayan ofis na yi dariyata.

Ana haka babur ya kayar da ni, na karye a ƙafa. A makon kuma aka ce ciwo ya ɓulla a garken maƙwabta, ga shanun Arɗo ba allura. Mutumin da nake shan nonon shanunsa shekara goma. Gaskiya kunya ta kama ni, na aika a kira sabon ma'aikacin.

"Zauna," na ce. "Littafin nan ka bar shi a gida. Ka cika aljihun dama da gyaɗa. Duk saniyar da ka yi wa allura, ka mai da ƙwara ɗaya aljihun hagu. In ka dawo ka ƙirga."

"Malam, asirin ke nan?"

"Shi ke nan. Kuma ka gai da Arɗo har sai ya gaji."

Bayan kwana biyu ya shigo duk ƙura, ya zazzage aljihun hagu a kan tabarmata, gyaɗa ta yi tuli. Ko saniya ɗaya ba ta tsere masa ba.

"Arɗo ya ce in gaishe ka da jiki," in ji shi. "Ya kuma ce, shekara goma yana yi maka kallon juya, ashe kana haihuwa."

Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.