Alƙalin Filin Bayan Sito

A unguwar Nuzla ta Jidda kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Sunansa Musbahu. A nan aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji a ƙasa bai koma ba. Da ƙuruciyarsa ya yi direba a wata unguwar Turawa mai katanga a arewacin Jidda, can ya ga besbol, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki, a ruga a zagaye tashoshi huɗu kafin masu tsaro su kamo ta. Bai taɓa iya dukan ba. Kallo ya iya. Da ya koma tsaron sito a wata masana'antar roba a unguwar masana'antu, ya tarar 'yan Filifin suna buga wasan ranar Juma'a bayan la'asar, sai suka miƙa masa alƙalanci. Har ya yi furfura ba a karɓe ba.

Doka ɗaya ce yake maimaita wa duk sabon zuwa. In an daki ƙwallo, hanya ta mai tsaron da ya nufe ta ce. Mai gudu shi zai kauce. In ya bangaje shi, ya fita. In masu tsaro biyu ne suka nufi ƙwallon, alƙali ke zaɓar wanda take tasa, ɗayan kuwa laifin tare hanya ya hau kansa.

A filin bayan sito dokar ba ta cika aiki ba, saboda Nawaf. Ɗan Hamad ne, mai masana'antar, kafilin kusan duk wanda ke filin, wato ubangidan da zamansu a ƙasar ke hannunsa. Ya dawo daga karatu a waje da son wasan, shi ya sayo kulake da safar hannu ta fata. In Nawaf ya taso a guje, mai tsaro yakan ja da baya kamar yadda ake ba babba hanya a ƙofar masallaci, ƙwallo ta wuce, a yi dariya. Kawu yana gani. Babu karo, babu hukunci.

Sai Mus'ab ya zo. Bahaushen Gadarif ne, daga Sudan, dogo, mai gyaran injuna, iƙamarsa, takardar izinin zama, tana hannun Hamad. Shi ke neman Lina, 'yar Kawu guda ɗaya tilo. Kawu bai taɓa hana shi ba. In an tayar da maganar sai ya ce insha Allah, ya ƙara wa baƙo shayi. Amma ya ji da kunnensa ranar da Mus'ab ke cewa ba zai tsufa a Jidda ba, gonar babansa tana jiransa, da shi da iyalinsa. Tun ranar Kawu yake kallon takalman Lina a bakin ƙofa in ya shigo gida.

"Malam, yaron nan yana jira fa," in ji matarsa Latifatu.

"Wa ya kore shi?"

"Kai dai ka sani."

Juma'ar da abin ya faru iska ba ta motsi, warin robar da aka narka ya kwanta a kan filin. Hamad da kansa ya zo kallo, yana zaune cikin motarsa, gilashi a sauke. Nawaf yana tasha ta ɗaya. Aka daki ƙwallo ta taho tana birgima tsakanin tasha ta ɗaya da ta biyu. Ɗan Filifin mai jifa ya biyo ta, Mus'ab ma ya taho ya durƙusa daidai kan hanyar Nawaf. Kowa ya jira ya ja da baya. Mus'ab bai ja ba. Nawaf ma bai karkata ba, ya sa kafaɗa ya haye shi, suka zube tare, ƙwallon ta gangara gefe.

Mus'ab ya ɗago, jini a leɓensa, ya dubi Kawu.

Kawu yana da hanya biyu, kuma ya san su duka. Zai iya cewa ƙwallon ta mai jifa ce, Mus'ab ne ya tare hanya. Da Nawaf ya miƙe ya karkaɗe riga, ya zolayi ɗan Sudan, an manta kafin magariba. Ba wanda zai yi masa gardama, don babu wanda ya san dokar kamarsa. Ya dubi motar. Ya dubi Mus'ab. Sannan ya ɗaga dunƙulallen hannu.

"Barra! Ka fita!"

Nawaf ya tako a hankali yana murmushi. "Ya ammi Musbahu, ni?"

"Kai. Hanyarsa ce."

"Hanyarsa." Ya juya ya ƙare wa Mus'ab kallo, ya taya shi murna yana kwaikwayon bakin 'yan Sudan. "Mabruk, ya zol. Ashe kana da hanya a nan."

"Wasa ne, ranka ya daɗe," in ji Mus'ab.

"Sosai ma. Halas, yalla, ku ci gaba."

Gilashin motar ya hau sama.

A motar komawa 'yan Filifin suka yi ta bubbuga kafaɗar Kawu. Kafin isha'i labari ya zagaye Nuzla: tsoho ya fitar da ɗan kafili a gaban ubansa. Mus'ab ya raka shi har ƙofar gida, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kawu, wallahi ban taɓa ganin namiji irinka ba."

Kawu ya zare hannunsa. Shi dai ya san Hamad ba zai taɓa tsohon da ya san kowane lungu na sitonsa ba. Fushin sai ya nemi wani wurin sauka. Ko ya san haka kafin ya ɗaga hannu, ko bayan ya ɗaga, wannan ba abin da ake gani daga bakin fili ba ne. Hukuncin daidai yake. Kawu ya faɗa wa kansa haka sau da yawa.

Ba a yi hayaniya ba. Aka daina kiran Mus'ab gyaran manyan injuna. Sannan aka ce masa ba za a sabunta iƙamarsa ba, aiki ya ragu, ya shirya komawa gida. Ranar da labarin ya iso, Kawu ya dawo da wuri, ya ga takalman Lina a inda suke, ya sauke numfashi.

Tana zaune a falo, ba ta kunna talabijin ba.

"Baba," ta ce, da Hausarta mai nauyin Larabci, "an ce da ka ce ƙwallon ta ɗayan ce, da shi ke nan."

"Wa ya ce?"

"Kai ka koya mini dokar tun ina ƙarama."

Ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Ina ka ajiye fasfo ɗina?"