Ranar da Iska Ta Ɗauke Jirgin Yaƙinmu

Ni kafintan ƙofofi da tagogi ne, kuma kafin in zo Jidda ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Umra na zo, na zauna, babu iƙama, wato takardar izinin zama. Wani dattijo Bahaushen Sudan ya ɗauke ni aiki a shagonsa na unguwar Waziriyya. Kowa Baba yake ce masa.

Wata shekara wani attajiri ya ba Baba aikin mayar da tsohon kwalekwale ya zama kamar ƙananan jiragen yaƙin zamanin da, waɗanda iska ke turawa. So yake ya ajiye shi gaban gidan hutunsa na bakin teku. Muka kafa dogon itace a tsakiyarsa, muka ɗaura ƙaton farin zane, muka sassaƙa bindigogin igwa na katako muka shafe su da baƙin fenti.

Ranar da aka saka shi a ruwa, Baba ya ce in shigo mu duba ko yana yoyo.

"Yalla, shigo, a ɗaure yake, ba inda za mu."

Na shiga. Da ya ji iska na kaɗawa, sai ya saki zanen don ya ga yadda zai buɗe. Zanen ya cika tim, jirgin ya fizga, turken da aka ɗaure mu a jiki ya tumɓuke.

Gaɓa ta soma nisa. Katako na ƙara a ƙarƙashin ƙafata, jirgin ya karkata har bakin igwa na taɓa ruwa. Ban iya iyo ba. Na rungume itacen tsakiya ina salati, Baba na kokawa da igiyoyi, yana yi mini ihu da Larabci in kama wannan, in saki waccan. Hannuna ya ƙi buɗewa.

Can sai ga jirgin masu gadin teku ya nufo mu. Na rasa wanne zan fi tsoro, tekun ko su.

"Baba, takarda," na ce.

"Yi shiru, ɗana. Sunkuyar da kai."

Suka jefo mana igiya. Ɗayansu ya ƙura wa bindigoginmu ido, ya miƙo hannu ya ƙwanƙwasa guda, ya ji katako ce, ya fashe da dariya. Suka ja mu zuwa gaɓa suna yi wa Baba faɗa. Duk hanya jira nake a juyo kaina a tambayi iƙamata.

Attajirin na tsaye a bakin ruwa. Ya tarye su da gaisuwa, magana ta koma wurinsa. Baba ya zungure ni da gwiwar hannu, na ɗauki akwatin kayan aiki na bi ta bayan gida. Na samu mota na shiga, ban tsaya ko'ina ba sai ɗakina a unguwar Sa'alaba. Na yi kwanaki ban leƙa titi ba. Baba shi kaɗai ya koma ya ƙarasa aikin.