Kankana a Gindin Randa

Jiya na ga kankanar Goronyo a kasuwa, sai kakata ta faɗo mini a rai. Da bazara takan yayyanka kankana da mangwaro a ƙwarya, ta zuba kindirmo, ta kafa ƙwaryar cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa har la'asar.

Ko da likita ya hana ta zaƙi, ba ta daina ba. Na ce, "Kaka, don mi kike wahala, ba ki ko sha?"

Ta miƙo mini ludayi. "Sha ki hwaɗa min, ya yi sanyi?"

Ina sha tana kallon bakina.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Kaka, Ya shayar da ke inda babu mai hana ki.