Gashin Dinya da Gonakin Sufaye

Wata Laraba ce cikin Sha'aban, shekarar da arzikin fetur ya kai Baba aiki ofishin jakadancinmu na Landan, kusa da Charing Cross, aka kwashi ajinmu a bas zuwa wani ƙauye a bayan Landan. Shekarata tara, raina a jagule, domin malamarmu ta aika wa Baba cewa ban iya rubutu ba, ranar Litinin za a mayar da ni ajin ƙanana. Alhali izu goma na rubuta a allo kafin mu bar Kano, biro ne kawai ya ƙi zama a yatsuna.

Kango muka tarar, bango biyu na dutse, tumaki na kiwo a tsakani. Da na ji an ce wurin ibada ne sai na tuɓe takalmi, yara suka yi ta dariya, safata ta jiƙe sharkaf a ciyawa mai raɓa. Dattijon da ke gadin wurin ya ce ɗaruruwan shekaru da suka wuce wasu sufayen Kirista ne suka zauna nan, ba aure, sai addu'a da noma. Wani mai ƙasa ya ba su gonaki don su riƙa yi wa iyayensa addu'a, a hankali aka ƙara musu makiyaya da tafkin kifi da maniƙa mai aiki da ruwa, har wani sarki ya zo ya ƙwace duka.

Sai ya fito da kwafin takardar iyakokin gonakin, ya raba mana gashin dinya da tawada mu kwaikwaya. Yara suka yi ta ɗiga ɗigo. Ni kuwa na ari wuƙarsa na feƙe bakin gashin a karkace kamar alƙalamin kara, na yi bisimilla. Ko kalma ɗaya ban gane ba, kuma daga dama na faro, ina bin layin da baya, amma na ƙare a hagu ba ƙari ba ragi. Dattijon ya dubi malama ya ce, "Da wannan ta zo da wuri, da sufayen sun ɗauke ta aiki." Ranar Litinin na tarar da kujerata a inda take, da kwalbar tawada a kai.

Baba ya sha dariya da ya ji labarin gonakin. "Uwata, ashe su ma sun san waƙafi."

Yau jikokina a Dagenham, nan gabashin Landan, da babban yatsa suke rubutu a waya, in yi musu Hausa su amsa da Turanci. Allah ya jiƙan Baba. Har yanzu in na ji warin tawada, sanyin ciyawar nan nake ji a ƙafata.