Na Hana Matar Yayana Takaba

A shekarun yaƙin basasa ni saurayi ne ɗan gidan mahauta a Sakkwato, mai ganin wanda ya saba da jinin shanu ba abin da zai razana shi. Da wannan wautar na bi yayana muka shiga soja, ya bar amaryarsa wata biyar da tarewa.

Ranar da aka tura rundunarmu ƙwace wani gari daga hannun 'yan tawaye, harsashi ya same shi a wuya, ya cika a gabana. Aka ce a ja da baya, na ja. Ban binne shi ba, ko ganye ban rufa masa ba. Ban yi kuka ba, kuma har yau kukan bai zo ba.

Da na dawo gida, Baba ya tare ni a zaure. Na san in na ce ya rasu, tambaya ta gaba ita ce wa ya yi masa sutura. Kunya ta kama ni, na ce mun rabu a daji, ban san inda ya yi ba. Baba ya ce to, sai a jira. Aka jira. Ba wanda ya shaida mutuwa, don haka ba zaman makoki, ba takaba. Iyayen matar yayana suka ce ta je wurin alƙali ya raba auren, ta ƙi, wai ba ta barin miji a kan zato. Ni kuwa na koma mahauta, na yi aure a unguwar Minanata, ina aika wa matar yayana tsoka duk Juma'a kamar nama zai biya.

Shekara tara sannan na faɗa mata gaskiya, bayan Baba ya rasu. Ta saurare ni tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce in tambayo mata malam yaushe za ta shiga takaba. Malam ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, tata ta wuce tuntuni. Da na kawo mata amsar, ta ce ashe ko wannan ban bar mata ba.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Na koyi cewa shirun da na kira tausayi tsoro ne kawai. Duk wanda mutuwa ta yi a gabansa, ya faɗa wa masu ita ranar da ya iso. Kunyar taka ce, kada ka sa wani ya biya ta da shekarunsa.